ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: Haƙƙin Mai Doguwar Jinya a Kan Ƴan'uwansa

 

Ya ƴan'uwa masu karatu, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan karo wani al'amari ne da ya faru a gabanmu a wani ƙauye na ƙasar Tibiri, wanda muka daɗe muna juya shi a zuci. Ba za mu ambaci sunan ƙauyen ba, balle na mutanen, domin ba tonon asiri ya kawo mu ba.

Wani magidanci ne, manomi, shekarunsa ba su wuce 40 ba. Ya fara jin kasala wadda ba ta barinsa ya kai azahar a gona. Da dare gumi ya jiƙa masa riga ko da a tsakiyar ɗari ne. In ya ci loma kaɗan sai ya ji ciki ya cika, kuma gefen cikinsa na hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, ya yi tauri kamar an cusa dutse. Aka ce saifa ce. Aka yi tsaga, aka sha saiwoyi, wasu ma suka ce hannu aka sa masa. Sai bayan damina biyu aka kai shi asibitin Dogondutsi, aka ɗebi jini, likita ya duba takarda ya ce wannan sai Yamai. A can ne aka shaida masa cewa sankarar jini ce, irin mai tafiyar hawainiya.

Ranar da labari ya dawo gida dangi suka taru a zaure. A cikinsu akwai wani ɗalibi da ya taɓa jin cewa a ƙasashen waje ana warkar da wannan cuta da ɓargon ɗan'uwa. Nan take ƙanen majiyyacin, wanda suke ciki ɗaya, ya miƙe ya ce: "In dai ɓargo ake so, a ɗebi nawa duka, ni dai Yaya ya tashi." Jama'a suka yi ta sa masa albarka, tsofaffi har da hawaye. Mu kuma shaida ne cewa ba riya yake yi ba. Da an kawo allura a wannan rana, da ya kwanta.

Amma likitoci ba su nemi ɓargon kowa ba. Ƙwaya suka ba shi, ya riƙa sha kullum, da sharaɗin ya riƙa komawa Yamai a kan lokaci, a auna jininsa a ba shi wata. Cikin ƴan watanni ciki ya sace, mutum ya koma gona. A shekarar farko dangi suka yi karo-karo. A ta biyu ya zamana duk lokacin da tafiya ta ƙarato matarsa ce ke bin gida gida. A ta uku ya yi watanni bai je ba, magani ya ƙare, saboda babu kuɗin mota. Ƙanen nan kuwa yana nan lafiya lau yana fataucinsa, in an je masa sai ya ce a dawo ran kasuwa. A yanzu da muke wannan rubutu saifar ta sake tasowa, an mai da majiyyacin Yamai, muna sauraron hukuncin Allah.

To, tambayarmu ita ce: yaya aka yi mutum ɗaya ya yarda ya ba da abin da ke cikin ƙashinsa, amma ya gaza ba da abin da ke cikin aljihunsa? Kuma a cikin biyun nan, wanne ne haƙƙin da ɗan'uwansa yake binsa?

MECE CE WANNAN CUTA?

Ba a yin hukunci a kan abin da ba a sani ba, saboda haka bari mu fara da sanin cutar. Allah cikin hikimarSa ya sanya maƙerar jini a cikin ɓargo. A nan ne akwai wasu ƙwayoyin halitta da za mu kira uwayen jini, domin daga gare su jajayen ƙwayoyin jini da farare suke fitowa, kamar yadda hatsin gona ke fitowa daga irin da aka ajiye. Kowace uwar jini tana ɗauke da zarurruka 46, biyu-biyu, waɗanda a cikinsu aka ajiye umurnin aikinta. Masana suna kiransu kuromosom. A wannan cuta sai zare na 9 da na 22 su tsinke su yi musayar guntu a cikin uwar jini guda ɗaya tak. Inda guntayen suka haɗu sai a sami wani baƙon umurni mai cewa ƙwaya ta yi ta haihuwa ba hutawa. Fararen ƙwayoyin lafiyayyen mutum tsakanin 4,000 da 10,000 suke a ɗan ma'aunin da asibiti ke amfani da shi, amma na mai wannan cuta sau da yawa akan tarar sun haura 100,000. Su ne suke cika saifa har ta kumbura.

Ba a ɗaukar wannan cuta ta hanyar cin abinci a ƙwarya ɗaya ko kwana a ɗaki ɗaya, kuma ba a gadonta daga uwa ko uba. Ba ta da yawa: mutum 1 ko 2 take kamawa cikin kowane 100,000 a shekara. A Turai galibi dattawa take kamawa, amma a ƙasashenmu na kudu da Sahara an fi ganinta ga ƴan wajen shekara 40, wato waɗanda gida ya dogara a kansu. In ba a sami maganin da ke danne tushenta ba, takan yi shekara 3 zuwa 5 tana tafiya sannu, sa'an nan ta rikiɗe ta zama mai gaggawa, a lokacin kuwa magani yakan yi wuya ƙwarai.

An fara bayyana ta a shekarar 1845, lokacin da John Bennett a Edinbara da Rudolf Virchow a Balin kowannensu ya ga mamaci mai ƙatuwar saifa da jini mai fari. Sai a 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka gano guntun zaren nan a birnin Filadelfiya na Amurka, kuma a 1973 wata likita mai suna Janet Rowley ta gane cewa musaya ce tsakanin zare na 9 da na 22.

HANYOYI UKU NA MAGANI

Hanya ta farko ita ce ta magunguna masu kashe ƙwayoyin da ke saurin haihuwa, abin da ake kira kimiyoterafi. A 1953 aka fara amfani da busulfan a Landan, daga baya haidiroksiyuriya ya maye gurbinsa, wanda iyalan masu amosanin jini suka sani da sunan Hydrea. Waɗannan suna rage fararen ƙwayoyi, saifa ta sace, majiyyaci ya sami sauƙi. Sai dai misalinsu kamar mai yanke ciyawa ne ya bar saiwa a ƙasa, domin ba sa hana cutar rikiɗewa in lokacinta ya yi. Har yau likitoci suna amfani da Hydrea don saukar da ƙwayoyin kafin a fara babban magani.

Hanya ta biyu ita ce dashen ɓargo, wanda likita Donnall Thomas na birnin Siyatil ya share wa fage, har aka ba shi lambar Nobel a 1990. Yadda ake yi shi ne a ba majiyyaci magani mai ƙarfin gaske, wani lokaci har da hasken ƙona jiki, har ɓargonsa ya mutu, mai kyau da marar kyau. Sa'an nan a ɗura masa uwayen jinin wani mutum ta jijiya kamar ƙarin jini, su nemi hanyarsu zuwa cikin ƙashi su zauna. Makonni yake yi a keɓe a ɗaki ba shi da garkuwar jiki, ƙaramar cuta tana iya kashe shi. Wani lokaci kuma baƙon ɓargo yakan far wa mai gida, ya kama fata da hanji da hanta. Da yawa daga waɗanda aka yi wa sukan rasa haihuwa, kuma ba kaɗan ba ne aikin kansa ya zama ajalinsu. Duk da haka, a shekarun 1980 da 1990 ita ce kaɗai hanyar da aka san tana tumɓuke cutar daga saiwa. Mai neman wannan aiki daga ƙasarmu sai ya ƙetare iyaka. Aljas da Tunis suna da cibiyoyinsa tun 1998, a Nijeriya kuma an yi dashen farko a asibitin koyarwa na jami'ar Benin a 2011, ga wani yaro mai amosanin jini.

Hanya ta uku ta zo a 2001, lokacin da aka amince da ƙwayar imatinib, wadda kamfanin Novartis ya fitar da sunan Glivec, bayan gwaje-gwajen likita Brian Druker. Ita wannan ƙwaya baƙon umurnin nan take nufa kai tsaye ta toshe masa baki. A babban binciken da aka bi waɗanda suka fara shan ta, an tarar cewa bayan shekara 10 fiye da 80 cikin 100 suna raye. Tun daga nan dashen ɓargo ya koma na waɗanda ƙwayoyi suka gaza a kansu, ko waɗanda cutar ta riga ta rikiɗe. Da farko tsadarta ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, amma aka buɗe shirin ba da ita kyauta a ƙasashe matalauta ta hannun gidauniyar Max, wadda aka kafa a 1997 don tunawa da wani saurayi da wannan cuta ta kashe, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka amfana. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba.

Amma ƙwayar tana da sharaɗi, shi ne kada a yi mata fashi. Wani bincike da aka yi a asibitin Hammersmith na Landan a 2010 ya nuna cewa waɗanda suke tsallake fiye da ƙwaya 1 cikin 10, wato abin da ya wuce kwana 3 a wata, kaɗan ne daga cikinsu cutar take kwantawa sosai. Likitocin jini kuwa a Yamai suke, tsakanin Dogondutsi da Yamai kuma akwai kusan kilomita 280, ban da tafiyar da mutumin Gesheme ko Matankari ko Dumega zai yi kafin ya iso bakin kwalta.

HUKUNCIN BA DA ƁARGO

Mu fara da abin da ƙanen nan ya yi alkawari. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin Fabrairun 1988, ta halatta a ɗauki wani abu daga jikin rayayye a sa wa wani, idan abin yana mai da kansa kamar jini da fata, da sharaɗin mai bayarwa ya yarda, kuma ba ciniki aka yi ba. Ɓargo yana cikin wannan aji. Ana zuƙo shi daga ƙashin ƙugu bayan an sa mutum barci, ko kuma a yi masa allurai na ƴan kwanaki a tace uwayen jinin daga jijiyar hannu, kuma cikin ƴan makonni jiki ya mayar da abin da aka ɗiba. Wanda ya ba da shi don Allah ya yi sadaka mai girma.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, yardar da aka samu ta hanyar kunya da idon dangi ba yarda ba ce. Idan aka tara zaure aka zuba wa ƙaramin yaro ko matar aure ido har suka ce "to", an karɓa ne da ƙarfi ko da ba a ɗaga sanda ba. Na biyu, ba kowane ɗan'uwa ne ɓargonsa ke dacewa ba. Ko shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, damar cikakkiyar dacewarsa 1 ce cikin 4. Saboda haka idan aka auna aka ce bai dace ba, wannan ba laifinsa ba ne, kuma haramun ne wani jahili ya mai da shi abin zargi ga mahaifiyarsu.

Haka kuma, idan likitoci suka ce sai dashe a ƙasar waje, iyalin da ba su da hali babu zunubi a kansu. A tambayi likita ƙiri-ƙiri yawan fatan da ake da shi, a gaya wa majiyyaci gaskiya, shi ma a ji ta bakinsa. Bai halatta a sayar da gonar da marayu ke da rabo a ciki, ko bisashen mace ba da son ranta ba, don a tsira daga maganar mutane. Abin nufi, ba da ɓargo falala ce wadda ba a tilasta wa kowa, kuma mafi yawan masu wannan cuta a yau ba za su taɓa buƙatarsa ba.

ZAREN ƊINKE RAUNI

Yanzu sai kuɗin mota. Mun je mun sami ƙanen nan muka yi magana da shi a keɓe. Bai yi musu ba, bai kuma yi fushi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Malam, da a ce yanka ni za a yi rana ɗaya, da na huta. Wannan kuwa ba ta da ranar ƙarewa." Mun daɗe ba mu ji magana mai gaskiya kamar wannan ba, kuma muna ganin ba shi kaɗai ta shafa ba, dukanmu ta shafa.

Babbar kyauta tana da shaidu, tana da ranar farawa da ranar gamawa, kuma zafin zuciya na sa'a ɗaya ya isa ya ɗauki mutum ya kai shi. Ƙaramar kyauta mai maimaituwa ba wanda ke ganinta balle ya yaba, kuma kowane karo sai an sabunta niyya, wata rana rumbu cike, wata rana ana kankare gindinsa. Sa'an nan ga wani abu: al'adunmu na taimako yawancinsu na yini ɗaya ne. Mun iya gayya, mun iya gudummawar biki, mun iya zaman makoki. Mun saba da cutar da ke kwantar da mutum mako biyu, ya tashi ko ya cika. Cutar da mai ita ke yawo da ƙafafunsa shekara 15, ransa yana rataye da ƙwayar da ke can Yamai, baƙuwa ce a gare mu. Kai, ingancin maganin ma shi ke ɓoye buƙatar. Ana ganin mutum da hauya a kafaɗa sai a ce ai wane ya warke, a daina tambaya.

Wani zai ce: a mazhabarmu ta Malikiyya ciyarwa ba ta wajaba a kan mutum sai ga matarsa da iyayensa matalauta da ƴaƴansa, ɗan'uwa ba ya ciki. Wannan gaskiya ne, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Amma a cikin Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, akwai wata mas'ala da ta fi kusa da tamu. An kawo misalin wanda aka huda wa ciki, ga kuma wani yana da zaren da za a ɗinke raunin, ya hana shi har ya mutu, da kuma wanda yake da rarar abinci ko ruwa ya hana wanda ke bakin halaka. Malaman mazhaba sun ɗora lamuni a kan mai hanawar, ko da babu dangantaka tsakaninsu. A duba da kyau, abin da aka ambata zare ne, ba raƙumi ba. Girman wajibin daga matsuwar mai nema ya fito da kuma sauƙin abin ga mai shi. Ba fatawa muke bayarwa ba, wannan aikin malamanmu ne, amma muna roƙonsu su duba ko kuɗin motar wanda ransa ya rataya da wannan ƙwaya ba shi ne zaren ɗinke rauni na zamaninmu ba. In kuwa hukuncin baƙo ke nan, ina ga wanda kuka sha nono ɗaya?

Wani kuma zai ce: ai ajali ba ya jira, wanda kwanansa ya ƙare ko a Yamai yake kwana zai tafi. Haka ne, amma ba mu taɓa jin manomin Arewa ya bar shuka don arziki na Allah ne ba. Majalisar Fiƙihun da muka ambata ta sake zama a Jidda a 1992, ta bayyana cewa neman magani yakan zama wajibi idan barinsa zai kai ga halakar rai. Maganin da ke mai da shekara 4 ta zama 10 ko 20 da izinin Allah ba ya cikin abin da ake wasa da shi da sunan tawakkali.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta talauci. Ƙanen nan yana da mata da ƴaƴa, kuma shekarar da damina ta yi gardama kowa ta kansa yake yi. Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, mu ma ba za mu ɗora ba. Amma a nan ne kuskurenmu yake, mu da muka zauna a zauren nan muna sa albarka. Mun bar mutum ɗaya ya yi alkawarin komai, muka tashi kowa zuciyarsa sakayau, kamar albarkar da muka sa ita ce rabonmu. Alhali kuwa ceton rai farilla ce a kan jama'a, in wasu suka yi ta saraya daga sauran, in aka bari duka aka yi laifi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nauyin da ya durƙusar da mutum ɗaya, da an raba shi ga gida goma, da ba wanda ya ji shi. Saboda haka kafin mu nuna ƙanen nan da yatsa, mu tambayi kanmu sau nawa muka taka ƙofar majiyyacin bayan shekarar farko.

Akwai kuma wadda ta fi kowa rauni a wannan babi, ita ce matar aure. Mun sha ganin macen da ciwo ya daɗe a jikinta an ce ta tafi gidansu ta yi jinya. Gaskiya ne da yawa daga malaman farko ba su lissafa kuɗin magani cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji ba. Amma malaman wannan zamani, irin su Shehu Wahba Zuhaili, sun yi bayanin cewa a yau magani ya zama kamar abinci ko ya fi, saboda haka yana kan miji. Wanda ya ci moriyar lafiyarta, bai dace ya mai da ita ga tsofaffin iyayenta ranar da ta rasa ta ba.

HAR ZUWA YAUSHE?

Tambayar ƙanen nan ke nan, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya. Akwai waɗanda suka yi shekaru cutar ta kwanta ƙwarai har likitoci suka dakatar musu da ƙwayar, suna auna jininsu a kai a kai da wani gwaji na musamman. Ko a cikin waɗannan, kusan rabi cutar takan taso a mai da su kan magani. Saboda haka wanda zai ɗaura niyya ya ɗaura ta iya rai. Wannan ba abin tsoro ba ne in an tsara shi, domin ya tabbata daga Manzon Allah (S.A.W.) cewa aikin da aka dawwama a kansa ya fi soyuwa ga Allah ko da ƙarami ne.

Ga abin da muke ba da shawara. Ranar da aka dawo da takardar asibiti, dangi su zauna su lissafa tafiye-tafiyen shekara, a raba su gida gida da suna, a rubuta, a ba liman ko mai gari ya ajiye. Da kaka, lokacin da ake fitar da zakka, a tuna cewa majiyyaci matalauci yana cikin masu haƙƙi, kuma kowane gida ya ware dami ɗaya tun kafin hatsi ya shiga rumbu. Ƴan garin da ke zaune a Yamai su ɗauki nauyin masauki, waɗanda suke ci-rani kuma a sanar da su ranar tafiya tun da wuri. Masallatanmu na Juma'a su buɗe asusun masu doguwar jinya, da littafi da amintattu biyu, kuma a kai wa mai buƙata a asirce, kada a bar matarsa tana bin ƙofofi.

Shi ma majiyyaci akwai haƙƙi a kansa. Jin sauƙi ba warkewa ba ne, kada ya ajiye ƙwaya don ya ga ƙarfi ya dawo, kada kuma ya riƙa tsallake kwana don ta daɗe. In azumi ya ƙarato ya tambayi likita lokacin da zai riƙa sha. Macen da ke shan ta kuma ta shawarci likita kafin ta ɗauki ciki, domin ƙwayar tana iya cutar da ɗan tayi. Duk wanda saifarsa ta daɗe a kumbure, ya je a auna jininsa kafin a kai ga aska.

Magabata sun ce ɗan'uwa rabin jiki, sun kuma ce zumunta a ƙafa take. Ƙanen nan ya riƙe ta farko, kuma mun gaskata shi. Ta biyun ce ta gagare shi, mu ma ta gagare mu. Bayan maganar da muka yi da shi an sake zama a zauren nan, an rubuta sunayen gida tara, shi ne na farko a takarda. Da mun yi haka shekara uku da suka wuce, watakila da ba a kai ga inda aka kai ba.

Allah ya ba majiyyatanmu lafiya, ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada, ya yafe mana sakacinmu, ya sa mu cikin masu sadar da zumunci. Allah ne mafi sani.